Ranar da Na Wanke Tukunyar Inna

Tun da Nasara suka shigo garin nan na Sakkwato an ga abubuwa. An ƙirga mu kamar awaki, an aza mana haraji, an kwashi samari an kai su fasa dutse a hanyar Bariki. Duk na gani, na haɗiye, ban ce uffan ba, domin ni mutum ne mai haƙuri. Amma zaluncin da aka yi mini a cikin gidan ubana, nan Ƙofar Atiku, ya fi waɗannan duka a haɗe, kuma ba Bature ya yi mini shi ba. Yayata ce, Habiba, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ɗebi toka ta shata a bakin madafa, ta ce ko inuwata ta ƙetare sai mun haɗu gaban alƙali. Ni Sodangi! Ni da in na shiga kasuwa masu kaji ke gyara zama! To, ku saurara ku yi mana shari'a.

Sana'ata kai kaji da ƙwai Bariki. Kukun Bature, wani Siddiƙu, aminina ne, ko da yake shi bai cika faɗa ba. In na sauke kaya nakan tsaya a bakin taga in ga yadda yake aiki, kuma mai basira irina kallo ɗaya ya ishe shi. Na ga tukwanensa suna walƙiya har mutum ya gyara rawani a jikinsu. Na ga ba ya zuba wa Bature miya a ɓoye, sai ya kawo ta gabansa, ya buɗe, tururi ya tashi. Na ce a raina, ashe mu duk shekarun nan a cikin duhu muke cin tuwo.

Kun san daren Cika-ciki, na goma ga watan farkon shekara, ba a kwana da yunwa. An ce wanda bai ƙoshi a daren ba, haka zai ƙare shekara cikinsa yana kiran ciroma. A ranar ake sauko da jelar ragon Layya, wadda aka shafe da gishiri aka rataye bisa murhu tana shan hayaƙi. A gidanmu Inna ce ke dafa miyar wannan jelar, cikin wata baƙar tukunyar ƙasa da ta zo da ita gidan miji. Dangi sukan taho har daga Wurno don wannan miyar kaɗai. To, Inna ta rasu da damina, Allah ya jiƙanta. Wannan ce Cika-ciki ta farko ba ita. Jela guda, tukunya guda, ga dangi cike da gida, kowa yana son ya sake jin ɗanɗanon hannunta ko sau ɗaya.

Ana gobe, muna zaune a tsakar gida ana shan fura, sai Yaya Habiba ta dubi tukunyar ta yi ajiyar zuciya.

“Ni dai zan yi iyakar ƙoƙarina,” in ji ta, “amma hannun Inna daban ne.”

Na ajiye ludayi, na shafa gemu. Na ce, “Yaya, ai ba hannu ba ne. Sirri ne. Kuma ni ta bar wa.”

Kowa ya san da ciwonta ya yi tsanani Inna ta kira ni ta yi mini magana a kunne, an gani da ido. Abin da ta ce kuwa shi ne, “Sodangi, ka girma, ka bar tsame nama a tukunya.” Amma tunda ba wanda ya ji, ai maganar tawa ce, in juya ta yadda na ga dama.

Lailatu, taubashiyata, 'yar kawuna, wadda tun muna yara ba ta taɓa barin in sha ruwa lafiya ba, ta fashe da dariya har fura ta sarƙe ta.

“Bawana, kai? Kai da ko ruwan zahi aka ba ka sai ka ƙone shi?”

“Uwargijiyata,” na ce, “ki tambayi Bariki ko wane ne ni.”

“Na tambaya. Sun ce mai ƙwai. Rabi lahiya, rabi bara-gurbi.”

Aka yi dariya, ban da Yaya Habiba. Ita kam idanunta suka kawo ruwa. Ta ce, “In dai kai Inna ta ba, ba ni hana ka. Ga jela, ga tukunya. Mu mu yi tuwo a waje.”

Nan ne ya kamata mai ƙaramin hankali ya tsorata. Ni kuwa sai na miƙe na shiga gari. Kafin la'asar na gayyaci mai unguwa, na gayyaci liman, na gayyaci Gambo mahauci maƙwabcinmu, na aika wa Siddiƙu cewa ya zo ya koyi aiki. Na shaida wa duk wanda na tarar a bakin masallaci cewa gobe za a ci miyar marigayiya, amma da tsari irin na Bariki.

Saura abu guda ƙarami: ban san abin da ake sa wa cikin miyar ba.

Da wani ne, da ya je ya durƙusa gaban Yaya Habiba. Ni kuwa Allah ya hore mini dabara. Na fara da ƙanena Malam Junaidu, na same shi a zaure yana fiƙe alƙalami.

“Malam, bari in gwada ka in ga ko ɗan halas ne kai. Me ka fi tunawa a girkin Inna?”

Ya ajiye wuƙa, muryarsa ta yi laushi. “Sure, Yaya. Tsamin nan. In na dawo makaranta an sha bulala, sai ta zuba mini tana cewa tsami ke buɗe ƙwaƙwalwa.”

“Ka ci,” na ce. Na ƙulle sure a raina, wato abin da Kanawa ke kira yakuwa.

Na koma wajen Lailatu tana tsefe kai.

“Ke kuwa na san ba ki tuna komai, ci kawai kika iya.”

“Ni? Wa ya kai ni sanin hannun Goggo, Innarku? Da na haihu ita taz zauna da ni. Kanwa, bawana! Ba ta yi mata rowa. Dunƙule guda take jehawa, ka sha ka ji gumi yana karyo maka.”

Na ce, “Ashe da ɗan sauran hankali a kanki.”

Goggo Mariyatu, ƙanwar ubanmu, wadda haƙoranta suka riga ta tafiya lahira, ta ce ita dai ba ta manta nono da zuma, masu wucewa ba sai an tauna ba. Gambo mahauci ya rantse da wuƙarsa cewa busasshen kifi ne da daddawa, don ƙamshin kan tsallako katanga ya hana shi barcin rana. Kowa yana faɗi yana share ido, ni kuwa ina tarawa. Ban tsaya tambayar ko tukunya ɗaya suke nufi ba. Ai uwa ɗaya ce.

Gari na wayewa na kori mata daga madafa, na ce sirri ba ya son ido. Na rataya tabarma a ƙofa. Sannan na ɗauko tukunyar Inna, na dube ta a haske, sai kunya ta kama ni. Baƙa ƙirin, ciki da waje, maiƙo ya yi mata ɓawo kamar bayan kada. A wannan za a dafa wa mai unguwa? A gaban kukun Bature? Na zaro sandar sabulun kanti da na karɓo wajen Siddiƙu da sunan zan wanke riga, na ɗebo yashi da tsakuwa, na zauna.

Jama'a, na yi aiki. Tun hantsi nake gurza, har aka kira azahar. Inda yashi ya gaza na sa bakin wuƙa. Tukunyar nan tana shan sabulu kamar raƙumin da ya fito Azbin, in shafa ta shanye, in shafa ta shanye, har sandar ta ƙare ƙaf. Da na gama ta fito ja wur, sabuwa, in ka ƙwanƙwasa ta tana amsawa da 'yar siririyar murya. Na ɗauraye ta sau ɗaya, don ba na son ɓarnar ruwa.

Lailatu ta yi magana daga bayan tabarma. “Bawana, mi kaka yi tun safe ba mu ga hayaƙi ba? Ka jiƙa jelar kuwa?”

Na ɗaga kai, ga jela can rataye, ta bushe kamar bulalar dogari.

“A Bariki ba a jiƙawa,” na ce.

“A Bariki suna Layya?”

“Ki tahi ki tuƙa tuwo, ke dai.”

Tunda lokaci ya ƙure, sai na rama da wuta. Na tura duk itacen da aka tanada, na ƙara da kara, na ƙara da wani tsohon turmi da ya tsage. Wuta ta tashi tana lasar rufi. Na jefa jela, na zuba sure kwando guda, kifi, daddawa, tonka, wato barkono, mai yawa don baƙi su san an kashe musu dukiya. Na kawo nono da zuma na tuttula. Na tsaya na saurara, tukunya tana ɓararraka lafiya lau. Sai na ce bismilla, na jefa dunƙulen kanwa kamar kan jariri.

Ban taɓa sanin miya tana fushi ba sai ranar. Ta yi wani huci, ta kumbura, kumfa ya taso fari fat ya wuce bakin tukunya, ya gangaro cikin wuta yana cuwwa. Na kwashe da ƙwarya, wani ya taso. Na kwashe, wani ya taso. Na cika ƙwarya, na cika akushi, na cika tulu. Na barbaɗa kuka don ta kwantar da shi, kumfan ya koma kore. Na ƙara karkashi, ya koma kore mai yauƙi, in ka ɗaga ludayi sai ya biyo ka har kafaɗa.

Ladi matar Gambo ta ɗaga murya daga bayan katanga. “Habiba! Wa ke wanki da daddawa a gidanku?”

“Ba wanki ba ne,” in ji Yaya Habiba, da muryar mai kare mutuncin gida. “Sodangi ne ke miyar Inna.”

“Inna lillahi. To Allah shi jiƙanta, shi jiƙan mu.”

Na leƙa ta bayan madafa na ajiye wa akuyarmu ƙwaryar kumfa, don a ɓatar da shaida. Akuyar nan ta taɓa cinye rawanin baƙo har da hula. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta dube ni, ta juya mini baya. Na ce dabba dai dabba ce, ina ta san girkin manya.

Bayan magariba baƙi suka cika zaure, waɗanda ba su samu wuri ba aka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gida. Aka fito da tuwon dawa a akusa, gwanin ban sha'awa, Yaya Habiba ta tuƙa shi sumul. Mata suka aiko a ba su tukunya su zuba miya kamar yadda aka saba. Na ce a'a, yau a gaban jama'a za a buɗe. Na sa babbar rigata, na naɗe hannu da tsumma, na rungumo tukunya da zafinta na ratsa tsakar gida. Da Yaya Habiba ta hango jan gindinta sai ta dafe ƙirji.

“Wagga tukunyar wa ce?”

“Ta Inna ce, Yaya. Ta yi wanka.”

Ban tsaya jin amsa ba. Na dire ta a tsakiyar zaure, na ɗage murfi da hannu ɗaya kamar yadda Siddiƙu ke yi. Tururi ya tashi. Waɗanda ke kusa suka ja da baya, na ɗauka girmamawa ce. Na bi akusa ina kwararawa, kowa na cika masa har baki.

Liman ya yi bismilla, kowa ya yanki loma. Kun san mutanenmu, baƙo ba ya kushe abincin gidan da ya shiga ko da guba ce. Mai unguwa ya kai baki, ya rufe ido, maƙogwaronsa ya hau ya sauka ya sake hawa.

“Madalla,” in ji shi da ƙyar. “Wanga abu... yana da ƙarhi.”

“Ranka ya daɗe, ai ba ka kai ƙasa ba, can daɗin yake.”

Liman ya ce, “Alhamdu...” sai ya tsaya, ya sa hannun riga ya goge leɓe, ya dubi hannun rigar. Gambo mahauci hawaye na zuba, ya ce tunawa da marigayiya ce. Siddiƙu kuwa bai ci ba. Ya kai lomar hanci, ya sunsuna, ya dube ni.

“Sodangi, ina sabulun da ka ce za ka wanke riga?”

“Ga rigar a jikina.”

“Ai na ga rigar. Shi ya sa nake tambaya.”

Don in kawar da zancen, sai na sa ludayi na tsamo jela na ɗora a gaban mai unguwa, tunda shi ne babba. Ya kama da hannu biyu, ya sa haƙori, ya ja. Jela ta ce ba ta san zancen ba. Ya ƙara ja, jijiyar wuyansa ta tashi, karkashi ya yi aikinsa, jela ta suɓuce ta yi tsalle ta zabga wa liman a kunci, fau! Rawanin liman ya karkace ya rufe masa ido ɗaya. Wani daga waje ya ce, “Ragon bai yafe ba!” Dariyar da aka danne tun ɗazu ta ɓalle har titi.

Malam Junaidu ne bai yi dariya ba. Yana juya loma a baki kamar mai bitar hadda.

“Yaya, akwai sure a nan.”

“Akwai.”

“Da kifina da daddawa,” in ji Gambo. “Jiya ni na hwaɗa maka.”

“Ni ma jiya ya tambaye ni,” in ji Junaidu. “Amma ni miyar suren da takan yi mini nake nufi, ba ta Cika-ciki ba.”

Muryar Lailatu ta fito daga ƙofar cikin gida, inda ta laɓe tun farko. “Kanwar tawa ce! Wayyo cikina! Kunun jego na hwaɗa mai, kunun jego! Bawana ya yi wa mai unguwa kunun jego!”

Mai unguwa ya ajiye hannu a hankali, ya dubi cikinsa kamar mai tsoron abin da zai biyo baya.

Na ga hadari ya haɗu, kuma jarumi shi ne wanda ya san lokacin janyewa. Na ce, “Bari in koma da ita ta ƙara nuna.” Na kama wuyan tukunya na ɗaga da ƙarfi. Wuyan ya taho. Gindin ya zauna. Na ji ɗan ƙas, sai ga miya ta malalo, kore, mai kumfa, ta bi tabarmi, ta shiga takalman baƙi, ta nufi ƙofa. Mai unguwa ya zabura, santsi ya kwashe shi, ya kama liman, liman ya kama Gambo, Gambo kuwa ba abin kamawa. Ni kuma ina tsaye riƙe da wuyan tukunya, ina hangen jama'ar Ƙofar Atiku ta cikinsa.

Ba wanda ya tsaya sallama. Siddiƙu ne kaɗai ya waiwayo ya ce in na sake cewa na san shi, zai sa Bature ya daina cin ƙwai.

Da zaure ya watse sai Yaya Habiba ta fito. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta durƙusa cikin miyar tana tsintar tsingaro ɗaya ɗaya tana sa wa a bakin zanenta. Ta ɗaga wani a gaban fitila, ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai.

“Tun tana amarya take ciyar da tukunyar ga mai,” in ji ta. “Ko da ruwan zafi ba ta cika dame ta ba. Kai ka wanke Inna cikin yini guda.”

Na lallaɓa na ajiye wuyan tukunyar a gefe.

Labari ya riga ya zaga unguwa, kuma ba maƙwabcin da zai bar gidan marigayiya ya kwana da gayan tuwo a daren Cika-ciki. Kwanuka suka fara shigowa: Ladi ta aiko miyar kuka, gidan liman taushe, har gidan mai unguwa aka aiko da kuɓewa, da saƙon cewa kada a maido da kwanon ta hannuna. Dangi suka zauna a tsakar gida suka kewaye akusa. Na gyara riga na matso kusa da taushe, sai Yaya Habiba ta sa hannu ta tare. Ta sa aka kwaso akusan da baƙi suka bari, cike da miyata, aka jera a gabana.

“Daren ga ba a zubar da abinci, ba a kuma kwana da yunwa. Ci, mai sirri.”

Na ci. Suna ci suna hira. Junaidu ya ba da labarin suren, Goggo Mariyatu ta ce ita nono da zumar ai lokacin da ta yi zazzaɓi ne, Lailatu ta kwaikwayi yadda Inna ke kaɗa ludayi tana korar mu daga murhu. Suka yi dariya, suka yi kuka, suka ƙara tuwo. Ni ina gefe ina fama, kowace loma sai na yi mata addu'a kafin ta wuce.

Da na kai akushi na ƙarshe Yaya Habiba ta juyo.

“Sodangi, dangi na nan. Wa ya fasa tukunyar Inna?”

Na riga na shirya. Akwai Nasara da suka kawo sabulu ƙasar da ba ta roƙe su ba. Akwai Siddiƙu da ya bar taga a buɗe har na gani. Akwai maginin da ya yi tukunyar ba kauri, akwai ragon da ya ƙi nuna, akwai Lailatu da kanwarta. Na miƙe zaune, na ɗaga yatsa, na buɗe baki zan fara da Nasara. Sai shaƙuwa ta taso mini, wani ƙwan kumfa ya fito daga bakina, ya tashi a hankali a gaban fitila, kowa yana bin sa da ido, ya je ya fashe a goshin Goggo Mariyatu.

Na sauke yatsa.

“Ni ne, Yaya,” na ce. “Ni kaɗai. Ko akwai sauran taushe?”